Keil Kraft Senator: abin da ke cikin kwali da abin da sai ka nemo da kanka

Senator ƙaramin jirgin sama ne na wasa, na katakon balsa (wani katako marar nauyi) da siririyar takardar tishu, faɗin fikafikansa inci 32, wato kusan santimita 81. Ba shi da inji, ba batir, ba rimot. Igiyar roba ake murɗawa a cikinsa ta juya farfela, a sake shi ya tafi, daga nan kuma babu mai iko da shi sai yadda aka gina shi da yadda aka saita shi tun yana ƙasa. Albert Hatfull ne ya zana shi wa kamfanin Keil Kraft na Ingila, ya fito wajen 1950, kuma yaran Ingila na wancan zamani da yawa da shi suka buɗe ido. Asalin kamfanin, wanda ya zauna a Wickford ta yankin Essex, ya daɗe da rufewa. Daga baya kamfanin Ripmax ya fitar da kaya da sunan Keil Kraft, sannan Vintage Model Company ma suna yin nasu bisa tsohon zanen. Dukkansu da na'urar lesa suke yanka katakon, ba kamar da ba, lokacin da ake buga hoton kowane yanki a jikin falle ka zauna da reza kana fitarwa ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin ya cancanci kuɗinsa, wannan babu ja. Har yanzu yana cin gasa a Ingila a ajin tsofaffin ƙananan jirage, inda ake karɓar zanen da ya fito kafin 1951 kuma faɗinsa bai wuce inci 34 ba. Sai dai wanda ya sayi kwalin yana zaton duk abin da yake buƙata na ciki, zai gama da jirgi mai kyan gani wanda ke yin daƙiƙa talatin ya sauko. Zanen na iya yin minti biyu cikin sauƙi. Bambancin yana wuri huɗu: nauyin katako, farfela, roba, da abin sauko da shi idan ya ƙi saukowa.

Abin da za ka tarar a kwali shi ne zane mai girman jirgin daidai, fallayen balsa da aka yanka, siraran sanduna, wayar ƙarfe, taya, tishu, farfelar filastik, ɗan roba, da ledar tagogi mai haske. Gam, dof (ruwan da ake shafa wa tishu ya tsuke ya yi ƙarfi), tina, allurai, reza, samfefa da allon gini duk naka ne. Ka ƙara da ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, domin shi ne kayan aikin da ya fi kowanne amfani a nan.

Dalilin sikelin kuwa shi ne balsa ba iri ɗaya ba ce. Itaciyar mafi yawa daga Ekwado ake kawo ta, kuma falle biyu masu girma ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya nauyi. Falle mai kaurin 1/16 na inci, faɗin inci 3, tsawon inci 36, idan mai sauƙi ne zai yi giram 10 zuwa 11, matsakaici giram 14, mai nauyi ya haura giram 20. Kamfanin da ke cika kwalaye da yawa ba zai iya tsince wa kowa katako ba, saboda haka aikin ya dawo kanka. Zube sandunan duka, ka auna su, ka lanƙwasa kowace a hankali tsakanin yatsu. Dogayen sanduna huɗu na gangar jiki, masu kaurin 3/32 na inci, su ne ke ɗaukar jan roba, don haka masu ƙwari ake ba su, kuma lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya ta fi sauran tauri, za ta ja gangar gefe ta koma kamar ayaba, kuma wannan ba ya gyaruwa bayan an rufe. Mafi sauƙin katako a kai shi wutsiya. Giram ɗaya da ya ƙaru a wutsiya sai ya nemi giram biyu ko uku a hanci kafin jirgi ya daidaita, ka ga an yi asara sau biyu.

Yankan lesa yana da kyau ƙwarai, ramukan haƙarƙarin fiffike suna fitowa daidai. Illarsa guda: yana barin ƙuna mai launin ƙasa a bakin yanka. Gam ba ya kama ƙunar sosai, sannan tana nunawa ta cikin farin tishu ko rawaya. A goge ta da samfefa mai laushi da aka manna a jikin katako miƙaƙƙe, shafa biyu ko uku kawai, kada a cinye siffar.

Gam ɗin da ya dace shi ne farin gam na kafintoci, a ɗan sirka shi da ruwa, a riƙa ɗiga shi da tsinken sakace. Ƙarshen sanda yana shan gam kamar soso, don haka a shafa sau ɗaya a bari ya sha, a sake shafawa sannan a haɗa. Sufa gulu yana da sauri, amma yana da nauyi, kuma ya fi balsa tauri, in ka zo gogewa sai katakon gefe ya cinye ya bar ƙululu a mahaɗa. A bar shi wa wurin ɗaure waya. Kada a soka allura ta tsakiyar sanda, tsagewa take yi. A kafa allurai biyu gefe da gefe su gicciya a kanta. Gefen gangar jiki na biyu a gina shi a kan na farko, da siririyar leda a tsakani, ta haka ne za su fito tagwaye. Wajen haɗa su, a fara da tsakiya inda faɗin yake ɗaya, a tabbatar da kusurwa da sukwaya, ya bushe, sannan a matse wutsiya, hanci ya zo ƙarshe.

Wuri biyu a gangar suna son ƙari a kan abin da mai gaggawa zai yi. Na farko hanci: toshen da ke riƙe farfela dole ya shiga raminsa cif, har idan ka kifa jirgin ba zai faɗo ba. Toshe mai rawa yana sauya inda farfela ke ja a kowane tashi, sai ka yi ta saiti kana ganin abu daban. Na biyu inda turken roba na baya yake ratsawa. A manna ɗan siririn filawud a ciki, turken kuma ya zama bututun alminiyom mai kaurin milimita 4 ko kusa, domin a iya zura waya ta cikinsa a riƙe jirgin lokacin murɗawa.

Fiffiken Senator shi ne sirrinsa. Siraran sanduna da yawa ne suka ratsa haƙarƙarin maimakon ƙashi ɗaya mai kauri, kuma waɗanda ke sama suna ɗan tayar da tishu su yi layi-layi. Mai son kyau zai so ya goge su su shafe. Kada ya yi. A wannan ƙaramin girma da wannan tafiya ta sannu, ɗan gurzar da layukan ke yi wa iska shi ke sa ta manne da bayan fiffike maimakon ta rabu da shi da wuri. Ɗagin gefuna biyu kuma a auna shi da abin tokare guda, dama da hagu su zo ɗaya, domin shi ke miƙar da jirgi idan iska ta karkata shi.

Rufi da tishu ne inda yawancin masu farawa ke ɓata aikin mako biyu cikin yini ɗaya. Tishu yana da jijiya: yaga ɗan gefe, ɓangaren da ya yage miƙe shi ne tsawon jijiyar, kuma ita ake bi da tsawon fiffike. A manna baki-baki kawai da gam na sanda ko dof mai ruwa-ruwa, a fesa ruwa kamar raɓa, ba jiƙawa ba, sannan a danne fiffiken a kan allo da ƴan tsinke a ƙarƙashi don iska ta shiga, a bar shi ya kwana. Dof a sirka shi rabi da rabi da tina, shafa biyu a gangar jiki, biyu ko ɗaya a fiffike. Wutsiya ba ta jure haka. Ƙasusuwanta sirara ne, dof mai ƙarfi zai murɗe ta ta koma kamar kilishi. A fara jiƙa tishunta a kan wani firam ya gama tsukewa, sannan a rufe, a ba ta shafa ɗaya mai tina da yawa. Idan aka shafa dof a rana mai laima, yana yin fari-fari kamar an barbaɗa gari, saboda tina na ƙafewa da sauri tana jawo danshi. A jira busasshiyar rana. Wanda ke nesa da shagunan Turai ya sani cewa ba a aika dof na gargajiya ta jirgin sama, mai kama wuta ne. Akwai Eze Dope na kamfanin Deluxe Materials da ake sirkawa da ruwa, kashi 30 nasa, kashi 70 ruwa. Yana aiki, amma tishu na saki sosai yana jiƙe, sai an danne kowane yanki har ya bushe sarai.

Idan aka gama, a ɗora duka a sikeli ba tare da roba ba. Giram 55 zuwa 65 aiki ya yi kyau. Giram 80 zai tashi, amma da gudu, kuma kowace saukowa da ƙarfi.

Sai farfela. Ta filastik da ke zuwa a kwali ba laifi don koyon saiti, ba ta karyewa, kuma nauyinta na taimakon hanci. Matsalarta ƙanƙanta: tana juyawa da sauri ta ƙarar da murɗin roba tun jirgi bai yi nisa ba. Masu gasa suna sassaƙa ta balsa mai inci 12 zuwa 13, mai faɗin ganye, wadda ke cizon iska a hankali har murɗin ya kai daƙiƙa arba'in ko hamsin. Sassaƙar ba ta da wuya kamar yadda ake tsoro: bayan ganyen ake fara fitarwa ya ɗan yi rami, sannan a zo gaba a rage kauri, a dinga ɗora ta a kan waya ana gogar ɓangaren da ya rinjaya har ta tsaya daidai. A rufe ta da tishu da dof ta yi ƙarfi. Kowace aka zaɓa, dole ta iya juyawa sakaka idan roba ta ƙare. Farfelar da ta tsaya cak birki ce, kuma tana karkata jirgi ya nutso. Ɗan matakin da ke gaban ta filastik, inda wayar da roba ke juyawa take kama ta, yana cinyewa da amfani, wata rana ya zame da cikakken murɗi a hannunka. A yi ɗan sakata na waya a madadinsa.

Robar kwali a ɗauke ta ta gwaji. Wadda masu wannan harka ke amfani da ita ita ce Tan Super Sport ta FAI Model Supply a Amurka, ana sayar da ita da awo. Mai faɗin 1/8 na inci tana yin kusan giram ɗaya kowace ƙafa. Ga farfelar filastik, zare 8 na wannan roba, masu tsawon inci 28, sun isa. Ga babbar farfelar balsa, zare 12 masu tsawon inci 30, kusan giram 30 ke nan. A wanke ta da ruwa a cire hodar jikinta, a ɗaure ƙulli tun ba a shafa mai ba, a jiƙa wurin ƙullin kafin a ja shi don kada ya yanki kansa. Man shafawa kuwa silikon ne, ko sabulu mai laushi da gilisarin. Basilin da man inji da duk abin da ya fito daga fetur suna cinye roba. Rana da zafi ma haka, shi ya sa ake ajiye ta cikin leda a rufe, a wuri mai duhu da sanyi, kuma wanda ke ƙasa mai zafi kada ya bar ta cikin mota ko na awa ɗaya.

Igiyar ta fi tazarar da ke tsakanin ƙugiyar farfela da turken baya tsawo, kuma a nan wata matsala ke ɓuya. Idan murɗi ya ƙare, ragowar na iya taruwa dunƙule a baya, nauyi ya koma wutsiya, jirgin da ke shawagi lafiya ya fara ɗaga hanci yana faɗuwa. Maganinsa kitso: a ɗauki igiyar tun tana ninki biyu na tsawonta, a yi mata murɗi kamar ɗari, a ninka ta biyu a bar ta ta naɗe kanta. Ta haka take tsukewa daidai tsawon ciki idan ta saki.

Murɗawa da yatsa ba zai wuce ɗari biyu ko uku ba kafin ka gaji. Ana amfani da abin murɗi mai giya, juyi ɗaya ya ba da biyar ko goma. A kafe jirgin ta turken baya, a ja robar waje har ninki uku ko huɗu na tsawonta, a sa rabin murɗin a can, sauran kuma ana matsowa a hankali har a iso hanci daidai da ƙarewarsa. Sabuwar roba ba a kai ta ƙarshe ranar farko: rabi, a huta, kashi 60 cikin ɗari, a huta, a duba ko ta fara tsagewa a gefe. Zare 12 na inci 30 kan tsinke wajen murɗi 1,200, don haka 800 zuwa 900 ya wadatar. Kuma a zura bututun kariya cikin gangar kafin a fara. Robar da ta tsinke da cikakken murɗi tana farfasa gangar jiki cikin ƙiftawar ido, ba abin da zai rage sai tsinke da yagaggen tishu.

Saiti yana son haƙuri da safiya marar iska da ciyawa mai tsayi. A sa roba a ciki, a tallabi jirgin da yatsu biyu a inda zanen ya nuna, a matsar da fiffike gaba ko baya har ya zauna daidai, a yi alama da biro. A tura shi da hannu, hanci ɗan ƙasa, ba jifa ba. Idan ya ɗaga hanci ya tsaya ya faɗo, a sa ɗan siririn filawud mai kaurin milimita 0.4 ƙarƙashin gaban wutsiya. Idan ya nutsa, a sa ƙarƙashin bayanta. Sai shawagin ya yi kyau ake taɓa roba, kuma daga nan ba a ƙara taɓa wutsiya don gyaran hawa, hanci ake gyarawa. A fara da murɗi 150. Idan ya miƙe tsaye ya rataya a kan farfela, a cusa milimita 0.8 a saman toshen hanci don farfela ta ja ƙasa kaɗan. Ƙarfin roba na mirgina jirgi hagu, saboda haka ana cusa wani a gefen hagu na toshen don ta ja dama. Digiri biyu zuwa uku kowanne shi ne abin da aka saba gani. Abin da ake nema shi ne hawa yana kewayawa dama kamar matakalar hasumiya. Idan kewayen ya matse, fiffiken dama ya faɗa ciki, hanci ya duƙa, to an yi yawa, ko kuma akwai murɗewa a fiffike. A dube shi ta baya da ido ɗaya. Tururin ruwan zafi yana gyara shi: a riƙe a kan tururin, a murɗa akasin laifin, a riƙe har ya huce. Kewayen shawagi kuma da karkata wutsiya ake samunsa, jirgi na juyawa ta ɓangaren da ya fi ɗaguwa. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane tashi, a ƙara murɗi ɗari-ɗari, duk abin da ya zauna a manne shi da gam nan take.

Ƙafar Senator ɗaya ce, taya guda a gaba, sai ƴan kunnuwa biyu ƙarƙashin wutsiya da yake dogarawa a kansu. Abin sha'awa ne a kallo, kuma ya rage nauyi, amma kunnuwan su ne ke fara karyewa a ƙasa mai tauri.

Babban abin da ba za ka bari ba shi ne na'urar saukarwa. Senator mai sauƙi idan ya shiga iska mai ɗumi da ke hawa sama, irin wadda shirwa ke kewayawa a cikinta da hantsi ba ta kaɗa fiffike, zai bi ta ya zama ɗigo ya ɓace. Saboda haka tun wajen gini ake shirya wutsiya ta zama mai ɗagawa: roba ƙarama na jan ta sama ta gaba, zare na danne ta ta baya, in lokaci ya cika a saki zaren, bayanta ya ɗaga digiri 40 zuwa 45, jirgin ya daina tafiya ya sauko a kwance kamar lema. Ƙasa da wannan kusurwa sai ya yi ta tsalle-tsalle a iska, sama da ita ya faɗo da ƙarfi, don haka a sa zaren da zai tsayar da ita daidai. Tsohuwar hanya lagwani ce mai ci a hankali da ke ƙona robar riƙo, kuma ba a amfani da ita sai da ɗan bututun alminiyom da zai kashe wutar, in ba haka ba jirgi ya sauka a busasshiyar ciyawa ya ta da gobara. Filaye da yawa sun hana ta. A madadinta akwai ƙananan agoguna na sifirin, akwai na mai mai danƙo da ke juyawa a hankali, akwai na rediyo da ake danna maɓalli ɗaya. Na mai danƙo sun fi araha da sauƙi, sai dai zafi na sa su sauri, a gwada lokacinsu a filin kafin kowane tashi.

Wanda bai taɓa gina irin wannan ba, Ajax ko Ace, jiragen Keil Kraft masu inci 30, sun fi sauƙin sha'ani kuma ba sa gudu da nisa haka. Senator na mai gini na biyu ne ko na uku, kuma na mai fili. A Ingila manyan filayen jiragen sama ake zuwa, da dalili: iskar da ke tafiyar mita 4 a daƙiƙa, wadda da ƙyar za ta kaɗa riga, tana kai jirgi mita 480 cikin minti biyu. Filin ƙwallo bai isa ba sai da murɗi 300 da agogo a kan daƙiƙa talatin. A tsaya a gefen da iska ke fitowa, a lura da wata bishiya ko gini da ya yi layi da inda ya sauka kafin a ɗaga ƙafa, sannan a manna ƴar takarda mai lambar waya a ƙarƙashin gangar tun kafin tashin farko.